Shekarar da Muka Yi Gadin Sama

Azumin bana ba shi da wuya. Kafin mutum ya gama wanke-wanken sahur, ya ɗan kishingiɗa, ya tashi ya ɗora tukunya, duhu ya fara sauka a kan rufin gidajen Old Trafford. Sanyi ne kawai, sai yayyafin nan na Manchester da ba ya zuba sosai, ba ya kuma ɗaukewa. Ƙishirwa ma mantawa ake yi da ita.

Ranar Talatar da ta wuce na sauka flat ɗin ƙasa in kai wa Maman Hanif kunu. Yarinya ce ƙarama, mijinta na karatu a uni, 'ya'yanta biyu kuma a gida take koyar da su. Tana buɗe ƙofa ɗumi ya buge ni, da wani wari-wari na dusa da jiƙaƙƙen garin katako. Daga lungun falo ina jin tsiw-tsiw.

"Anti, shigo ki ga aikinmu," in ji ta. "Science muke yi."

Kwali ne, da jar fitila a rataye, da 'yan tsaki sun cure wuri ɗaya. Ta tambaye ni ko na san kan kiwonsu, tunda a gida na girma. Na ce mata na ɗan sani. Na miƙa mata kwanon, na hau sama, na zauna a bakin gado da hijabina a jiki har aka kusa shan ruwa.

Shekara goma da 'yan kai ke nan. Lokacin muna Birmingham, a Lozells, cikin gidajen nan na jan bulo da ke manne da juna, kowanne da siririn fili a baya. Ni da Abban Jidda da 'ya'yanmu mata biyu: Jidda tana shekara goma, Nana tana biyar. Shi injiniya ne, rabin aikinsa a gida yake yi. Shi ya cire yaran daga makaranta, ya sanar da council, wato hukumar gari, ya ce da kansa zai koyar da su. Ya sa tebur a falo. Lissafi da science da Turanci nasa ne, Alƙur'ani da Hausa nawa. Ni iyakata sakandare, ban taɓa ɓoye wa kowa ba.

A farkon bazarar ƙasar nan, sanyi bai gama sakin gari ba, ya fita sallar Juma'a ya faɗi a bakin masallaci. A can Birmingham aka binne shi.

Gidan na cike da 'yan gaisuwa, mata a falo, maza a tsaye a waje cikin ruwa, sai aka danna ƙararrawa. Mai kawo saƙo ne da ɗan kwali. Da aka buɗe, ƙwai ne dozin guda, kowanne a naɗe da soso. Wata daga cikin matan ta ɗauka sadaka aka aiko, har ta nufi kicin da shi. Jidda ta tare ta. Abbanta ne ya yi odarsa kafin ya rasu, darasinsu na gaba ke nan, injin ƙyanƙyasar ma tuni yana kan wardrobe. Ta hau kujera ta sauko da shi, ta jona a kan teburin karatunsu, ta jera ƙwan kamar yadda ya nuna mata. Ba wanda ya hana ta. Ana ta addu'a, injin na ta ƙugi ƙasa-ƙasa.

Bayan sadakar bakwai Yaya Kabiru ya zaunar da ni. Wan mijina ne, likita a nan Manchester, mutum mai sauƙin kai, ba zan ce ya taɓa yi mini ba daidai ba.

"Maman Jidda," ya ce, "ke dole ki zauna a ɗakinki har ki fita takaba, wannan ba mu da ta cewa. Amma yaran nan fa? Mai koyar da su ya tafi. Ke kanki ko abinci ba kya ci, ina gani. Akwai makaranta kusa da mu, na yi magana, za su ɗauke su. Antinsu na gida. In kin fita sai ki biyo su."

Gaskiya ya faɗa. Lissafin da Jidda ke yi ya riga ya wuce abin da nake iya tunawa. Na dubi bangon falon, na ƙiyasta watannin da zan yi ni kaɗai a tsakaninsa. Na ce, "To, Yaya."

Ashe Jidda na zaune a kan matakala.

"Baffa, we can't," ta ce. "Ƙwan Abba na cikin machine. Ba a motsa su. In an motsa za su mutu."

Ya daɗe yana kallon injin. Ya cire tabarau ya goge.

"To, Hajiya Jidda. Muddin kajin Abbanki na raye, ba zan taɓa ku ba. Ranar da babu su, ku haɗa kayanku. Kin yarda?"

Ta miƙa masa hannu irin na Turawa, ya kama. Da na raka shi bakin ƙofa ya rage murya ya ce mini, "Ƙwan da ya sha jijjiga a mota da wuya ya yi wani abu. Ki fara haɗa musu kaya a hankali."

Ban haɗa ba. Ba don na ƙi ba, komai ne ba na iya farawa a lokacin. Abin da aka ajiye a gabana shi nake yi.

Haka kwanakin suka jeru. Mu yi asuba, mu yi karatun Alƙur'ani, sai aikin ƙwai. Jidda ta duba lambar zafi, Nana ta ɗiga ruwa a ɗan ramin injin da cokali. Ruwan sama na dukan taga, hita na ƙara, ni ina zaune da tufafin da na kwana da su. Bayan 'yan kwanaki muka fara shiga ɗan ɗakin ajiya na ƙarƙashin matakala, mu ukun a matse tsakanin takalma da tsintsiya, mu ja ƙofa, in haska ƙwai da tocila. Da farko jijiyoyi ne jajaye kamar saiwa. Daga baya wani baƙin abu ya bayyana yana juyi. Nana ta zana shi, Jidda ta rubuta bayaninsa da Turanci ta karanta mana. Ranar da na fara ganin motsin na ce Allahu Akbar, domin abin da ya kamata a ce ke nan. A ƙirjina kuwa babu komai, kamar an share ɗaki an rufe.

Bakwai suka fito. Jiƙaƙƙu, munana, suna faɗuwa a kan fuskarsu. Jidda na ta karanta abin da za a yi, ni kuma hannuna ya riga ya sani. Na ɗauke su ɗaya bayan ɗaya ina tsoma bakinsu a ruwa, yadda na ga kakata Inna na yi a Ƙaraye. Muka sa su a kwali a ƙarƙashin jar fitila.

Daga nan makarantar ta koma bakin kwalin gaba ɗaya. Kowace safiya a sa ɗan tsako a kofi a ɗora a sikelin kicin, Jidda ta cire nauyin kofin, ta gwada da na jiya. Lissafinmu ke nan. Nana ta koyi haruffa da sunayen da ta raɗa musu: akwai Biscuit, akwai Gimbiya, akwai wani mai tsayin wuya da ta ce shi ne Malam. In kashi ya bushe wa ɗaya a baya, a jiƙa auduga da ruwan ɗumi a goge. A canza garin katako, a wanke mazubin ruwa. Yanzu na ga Maman Hanif waya ce ke gaya mata komai, har lokacin da za ta rage zafin fitila. Mu kallonsu muke yi: in sun cure sanyi suke ji, in sun watse gefe zafi ya yi yawa.

Kowace Juma'a bayan an sauko masallaci Yaya zai kira. Ya yi mini ya haƙuri, sai ya ce a ba shi Hajiya.

"Ya kajin?"

"Suna nan, Baffa. All seven."

"Madalla. Allah ya raya."

Sai azumi ya shigo, ya zo da zafi. Wanda bai yi azumin tsakiyar bazara a ƙasar nan ba, ba zai gane ba. Ba zafin Kano ba ne mai ƙona fata. Wani zafi ne mai nauyi da ke shiga bulo ya zauna, gidajen kuma an gina su ne don su riƙe ɗumi, ba fanka, tagogin ma rabi suke buɗewa. Rana kuma ba ta faɗuwa. Ka yi la'asar, ka jira, ka sake jira, 'ya'yan maƙwabta su ci abincin dare a kwantar da su, ita tana nan a sama. Sai wajen ƙarfe goma a sha ruwa. Kafin abincin ya faɗa an ce lokacin sahur ya yi. Matan da ke kawo mana kwanuka sun ragu, kowa na fama da nasa gidan. Kunun gyaɗa nake damawa da man gyaɗar kwalba, sai dabino, wani lokaci ƙosai. Ni ban ji yunwa ba ko sau ɗaya. Bakina ne kawai ke bushewa, harshena ya yi kamar tsumma. Jidda ta ce bana duka za ta yi. Na ce ta yi rabi-rabi, ta ƙi.

Kajin sun yi fiffike, sun fara tsallake kwali, warinsu ya cika falo. Dole su fita. Maƙwabciyarmu wata tsohuwa ce 'yar Pakistan, muna ce mata Khala. Turancinta kaɗan, nawa ma ba yawa, amma muna fahimtar juna ta saman shingen katako. Ita ta ba mu tsohon kejin zomon jikokinta muka mai da shi akurki. Tana miƙo shi tana haɗa yatsunta kamar baki mai cizo.

"Fox," ta ce. "Fox, fox."

Na gyaɗa kai. Na san shi, na taɓa hango shi ta taga yana bin bola, ja, mai kama da dila. Sai na ajiye shi a inda ake ajiye irinsa a gida, wato cikin masu yawon dare, su muzuru da tunku. Maganinsu sananne ne. Kullum kafin magariba mu kora kajin akurki, mu sa sakata, mu jingina bulo a ƙofar. Ban taɓa fashi ba.

Da rana kuwa, duk wanda ya tashi a Ƙaraye ya san daga ina ɓarawon kaji ke zuwa. Daga sama ne. Ina yarinya na sha ganin inuwa ta gifta tsakar gida, kafin a ce "shirwa!" an rage ɗaya. Inna galura take jiƙawa ta rina 'yan tsakinta, ja da shuɗi, wai shirwa in ta hango ba ta gane ko mene ne. Namu farare ne tas, a kan koren ciyawa kamar an ajiye auduga. Na kasa samun natsuwa, wannan ne ma abu na farko da ya dame ni tun rasuwar. Galura babu, sai na roƙi Khala kalar da suke sa wa shinkafa, ta ba ni ja da rawaya.

Muka jiƙa a kwanoni, muka zauna a bakin ƙofar baya da tsohon buroshin haƙori.

"Umma, is this even science?" in ji Jidda.

"Science ɗin Ƙaraye ne. Riƙe mini fiffiken."

Nana ta haɗa ja da rawaya ta ga ya koma kalar lemo, ta ƙwala ihu kamar ita ta ƙirƙiro shi. Malam ya fito rabi ja rabi rawaya yana taku da girman kai, ta yi dariya har da faɗuwa. Rabon da in ji dariya a gidan har na manta. Khala ta leƙo ta saman shinge, ta kama haɓa, ta koma ciki. Da muka gama na ga yatsuna sun yi ja kamar na sa lalle. Mai takaba ba ta ado. Na tsaya a kicin ina dirzawa da lemon tsami har fatar ta yi zafi.

Duk da rinin ban yarda ba, na raba mana gadi. In kajin na waje, dole ɗayanmu na zaune a inuwar bakin ƙofa, kai a sama. Ya zama darasi shi ma, Jidda na rubuta tsuntsayen da suka wuce: tantabaru, da fararen nan na teku masu kuka kamar jarirai, da wasu baƙi da fari masu dogon bindi. Shirwa ko ɗaya ba mu gani ba. Na ce rinin ne ke aiki. Ni na fi kowa son gadin. Kallon sama ba ya bukatar tunani, sai ka ga yini ya ragu.

A goman ƙarshe ne, ranar Alhamis, bayan la'asar, rana na nan tsaye kamar azahar. Jidda ke gadi. Ni ina sama ina yi wa Nana wanka saboda zafi, famfo na zuba. Ihun da na ji ba mai ƙarfi ba ne, maƙogwaron mai azumi ne.

Da na sauko, filin ya cika da gashin kaji, ja da rawaya, wani na tashi a iska. Ban iya bambance rini da jini ba. Fox ɗin na tsaye a kan rufin ɗan ɗakin ajiyar da ke ƙarshen filin, da Gimbiya a bakinsa, da rana tsaka, yana kallonmu ba ko gaggawa. Sannan ya dire ta baya. Ta ƙarƙashin shinge ya shigo, inda katako ɗaya ya ruɓe.

Jidda na tsaye, hannuwanta a sake.

"I was looking, Umma," take ta cewa. "Ina kallo. I was looking up."

Na ce, "Na sani. Abin da na sa ki ke nan."

Biyar a kwance. Ɗaya muka samu a ƙarƙashin akurki, Biscuit, da rauni a wuya, tana numfashi. Ba namiji a gidan da zai yanka ta, ni kuma ban taɓa ba. Muka mai da ita tsohon kwalinta, muka kunna mata fitilar. Sauran na haƙa musu rami da ƙaramin shebur, ƙasar ta bushe ta yi tauri, jiri na ɗibata ina tsayawa. Nana ta tsaya da tawul a jiki tana tambaya ko za a yi musu salla. Da aka sha ruwa Jidda ta kurɓi ruwa kawai ta koma bakin kwalin. Da safe muna tsakiyar karatu Biscuit ta miƙe ƙafa.

Ranar Juma'a ce.

Ba wanda ya yi maganar. Na share filin, na tara gashin a leda. Na yi wanka, na yi azahar. Wayar na kan teburin karatu, kowa ya wuce sai ya kalle ta. Da ta yi ƙara na ɗauka na sa a sifika kamar kullum. Yaya ya yi mini ya haƙuri, ya ibada, ya zafi. Sannan ya ce, "Ina Hajiyar? Ya kajin?"

Jidda ta matso. Leɓenta ya tsage saboda bushewa.

"They're fine, Baffa. All seven."

"Madalla, madalla. Ashe dai kin fi ni sanin aikin. Sun kusa isa yanka ko? A ajiye mini cinya ran Salla."

Yana dariya. Nana ta sa yatsa a baki tana kallona, ta kalli yayarta, ta sake kallona.

In na yi shiru, shi ke nan. Ba ni na faɗa ba. Zan ƙarasa takabata da motsin mutane a gidan, da ƙafafu a kan matakala. Na ga wannan sarai. Na kuma ga Juma'a mai zuwa, da ta bayanta, da ta bayan wannan, yarinyar nan na tsayawa a gaban waya tana ƙirga matattun kaji, ƙanwarta na koyo. Ba zan ce wani abu ya motsa a zuciyata ba. Hannuna ne ya ɗauki wayar.

"Yaya, babu su. Jiya fox ya shigo da rana. Ta ƙarshen ta mutu ɗazu da safe."

Sai na ji ya ja salati a hankali.

"To," ya ce. "Allah ya mayar da alheri. A bar su su yi Salla da ke. Washegari zan zo."

Wataƙila da na roƙe shi da ya bari. Ba mai taurin zuciya ba ne. Ban roƙa ba, shi kuma ya ɗauka yardata ta farko na nan.

Sauran kwanakin azumin Jidda ba ta ce mini komai ba sai yes da no. Makaranta ta tsaya, ba abin aunawa. Na wanke kayansu na shanya, kafin in juya sun bushe. Na ninke, na jera a akwati, na sa musu man kitso da allunansu. Ran Salla Khala ce ta tafi da su idi, ni na zauna. Yaran ba su sake kwana a gidan nan ba, domin da na fita takaba na mai da makulli na biyo su Manchester, muna nan har yau. Jidda na shekararta ta biyu a uni, in ta zo hutu tare muke kwana a gado ɗaya. Ba ta taɓa ta da zancen ba, ni ma haka.

Washegarin Salla Yaya ya zo da matarsa bayan azahar. Ta rungume ni, ta cika mini firij da miya. Ya sa akwatuna a but. Nana ta shige mota da murnar tafiya, tana ɗaga mini hannu tun ba a tashi ba. Ni na tsaya daga cikin ƙofa, ƙafata ba ta taka waje ba.

Jidda ce ta ƙarshe. Ta sauko da jakarta a baya, ta zo daidai ni ta tsaya, ba ta ɗago ba. Da Hausa ta yi maganar, ita da sai an matsa mata take yi.

"Da kin yi shiru kawai, Umma. Ai ba ke kika yi ƙaryar ba."

Na gyara mata ɗankwali inda ya zame.

"Na sani," na ce. "Je ki, Baffa na jira."

Motar ta sha kwana a ƙarshen layin. Na rufe ƙofa, na sa sakata. Ko la'asar ba a yi ba, yinin kuma da sauransa da yawa.